Mangwaron Bakin Rijiya

Kowannenku ya ji abin da ya shiga tsakanina da ƙanena, Babanku Sani, kuma kowannenku ya ji shi daga bakin wani, ba daga bakina ba. Na san yadda ake ba da shi. An ce ubanku ya tafi ƙasar waje ya kwaso karatun da ya fi ƙarfin kansa, ya dawo yana ɗaure wa icce tsumma kamar yadda kakarsa ta yi, ƙanensa ya tsamo shi daga halaka, shi kuwa ko na gode bai ce ba. Labari ne mai kyan fasali, gajere, ana gama shi kafin buta ta tafasa. Tsumma kam na ɗaura, wannan ban musa ba. Sauran duka ƙarya ne, kuma tun da yanzu na aje aiki, babu shef, wato shugaban aiki, a kaina, babu wanda zan ji wa kunya, zan rubuta muku shi yadda ya faru, har da inda ni kaina ban fita da kyau ba.

Na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu a lakwal, wato makarantar boko, kafin na koma ma'aikatar da ke kula da cututtukan shuka, shi ya sa har yau ake kira na Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan. A can ne aka tura ni istaj, wato ƙarin horo, na wata uku zuwa wata ƙasa mai tsaunuka a gabashin Afirka, inda ake noman shayi. Mu nan Arewa babu wanda ya kai mu shan shayi, daga kofin farko mai ɗaci har na uku da ya zama ruwan sukari, amma daga Dutsi har Tibiri ban taɓa haɗuwa da wanda ya ga iccensa ba. Ni na gan shi. Gajere ne, ana aske masa kai daidai ƙugun mutum, tsauni bayan tsauni, kore har ido ya gaji. Kuma na ga abin da ke kashe shi, wato fumfuna. Irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku tana da dangi masu zama a jikin ganye, su yi masa tabo, tabon ya faɗaɗa, ganyen ya bushe ya faɗi. A ɗakin binciken da aka sa ni akwai wata mata, ta kusa haihuwata, wadda aikinta shi ne kiwon fumfuna a ƙananan kwanonin gilashi masu murfi. Wata safiya ta aje mini guda biyu. A ɗaya fumfunar ta cika kwano, fara sol, mai laushi kamar audugar da aka sheƙa. A ɗayan kuwa ta tsaya a tsakiya, gefenta a yayyage, kamar kan yaro mai ƙazzuwa.

"Iri ɗaya ne," in ji ta, "rana ɗaya na shuka su. Wannan ta biyun ba ta da lafiya."

Na ce ai ita ce cutar, yaya za a ce cuta ba ta da lafiya?

"Ita ma tana da nata. Birus ne ya shiga ta, wani ɗan ƙwayar cuta ƙanƙane ƙwarai, ko madubinmu ba ya nuna shi. Idan ka sa ta a ganye, ɗan tabo za ta yi ta tsaya. Idan kuma zarenta ya haɗu da zaren mai ƙarfin, wani lokaci takan shafa mata. Wani lokaci na ce, ka rubuta shi da kyau. Akwai wadda birus ke cikinta amma ko a jikinta. Akwai wadda ba ta yarda a shafa mata."

Na rubuta shi da kyau. Shekara goma sha wani abu ina koya wa yara cewa cuta ita ce ƙarshen layi, sai ga shi ita ma akwai mai bin ta a baya. Na dawo gida da wannan magana a kaina, kuma da na san abin da za ta jawo mini da na bar ta a filin jirgi.

Garkarmu ta gado a Kore Mairuwa kun san ta. A lokacin Sani ne ke riƙe da ita, domin shi ke zaune a gida yana kasuwancinsa, ni kuwa ina Dutsi, sai ƙarshen mako nake zuwa. Ya dasa mangwaro masu aure, manyan ƴaƴa, irin da ƴan kasuwa ke so. Shekaru biyu a jere, da an fara ruwa, sai baƙin tabo ya hau sabon tofo, ƴaƴan da suka yi jinkirin nuna su ruɓe a sama. Dangin fumfunar shayin nan ce, na gane ta tun daga bakin ƙofa. Amma akwai icce ɗaya, tsohon mangwaron da mahaifinmu ya dasa a bakin rijiya, mai ƙananan ƴaƴa masu zare da ba wanda ke saye. Shi kusan kowane ganyensa da tabo, sai dai tabon ƙanana ne, busassu, ba sa girma, ganyen ba ya zuba, ƴaƴansa kuma lafiya lau suke nuna. Na kankaro tabon, na dafa dankali na tace ruwansa na zuba a kwanonin da matar nan ta ba ni tsaraba, na shuka. Bayan mako guda na buɗe, sai ga ta a tsakiyar kwano, a takure, gefenta a yayyage. Sai da na zauna.

Ba ni da na'urar da zan tabbatar da birus ne. Na rubuta rapor, wato rahoto, zuwa sama ina roƙon a gwada mini. Amsar da ta zo layi ɗaya ce, wai an karɓa, kuma ina kyautata zaton har yau ana nan ana karɓa. Kwanonin na aje su a firigon biro, wato firjin ofis, sai aka ɗauke kuran, wutar lantarki, na kwanaki a tsakiyar bazara, da na buɗe na tarar da miya. Saboda haka a duk duniya, iya sanina, wuri ɗaya ya rage da wannan fumfuna mai ciwo take raye, wato jikin iccen bakin rijiya. Abin da ya rage in yi da hannuna shi ne gwaji. In ɗebo ta daga tsohon iccen in shafa wa wasu rassa na sababbin itatuwan, wasu in bar su da mai ƙarfin kaɗai, in jira mako shida in ga ko akwai bambanci. Dole in san wane reshe ne wane. Na ɗaura takarda, ruwa ya wanke ta. Na ɗaura kwali, awaki suka yi karatunsa. Sai na tafi wurin uwarku, tana kan keken ɗinkinta, na ce ta ba ni ragowar ƙyallaye. Na zaɓi ja domin rassan da na shafa wa mai ciwon, na zaɓi fari domin waɗanda na sa wa mai ƙarfin kaɗai, na zaɓi baƙi domin rassan da ban taɓa ba. Ta tsayar da keken.

"Malam, ina za ka da waɗanga?"

"Garka. Alama zan yi wa rassa."

"Ja da hwari da baƙi? Bisa icce? Cikin Arewa? Kai jikan Inna?"

Na ce mata kore ba ya ganuwa cikin ganye, rawaya kuwa rana ke cinye ta.

"To sa shuɗi."

"Babu isasshe."

"Ni dai na hwaɗa ma. Kai ka karanta littahi, ni na karanta garinku."

Na yi dariya na tafi da tsummokarana. Ku lura, wannan ce kaɗai shawarar kimiyya ta gari da aka ba ni a duk shekarar, kuma daga kan keken ɗinki ta fito.

Inna da uwarku ta ambata kakarmu ce, ni da Sani. Ƴar bori ce, sananniya, kuma irin waɗannan launuka take ɗaurawa a inda take yi wa aljana Doguwa hidima. Ni abin bai taɓa damuna ba, na tafi lakwal tun ina ƙarami, na bar garin da sunan. Sani shi ya zauna da shi. Tun yana yaro ake kiransa jikan mai girka, a makarantar allo, a kasuwa, har ranar da ya je neman aure sai da aka tuna masa. Ya yi shekaru yana wanke wannan suna da hannunsa: ya yi karatu wurin matasan malaman da suka zo da gyara, ya daina zuwa duk inda ake kaɗa goge, ya taimaka aka gina masallacin ƴan kasuwa, har ya zama idan liman ba ya nan shi ake turawa gaba. Ina faɗa muku wannan ne domin kada ku ɗauka mahaukaci ne. Yana da dalilinsa. Samun dalili dai bai ba shi gatari ba.

Ranar da na gama ɗaurawa Sani ya same ni a gindin tsohon iccen da safe, na ɗaga ganye sama ina duba shi da hasken rana, ina ƙirga tabo a hankali, bakina na motsi. A gefena ga ƴan kwanoni rufaffu a jere.

"Yaya, mi na na wanga?"

Na yi masa bayani. Na yi shi tiryan-tiryan, yadda zan yi wa ƴan aji huɗu, har da zane a ƙasa.

"Wato," in ji shi, "akwai wani abu cikin iccen ga wanda ido ba ya gani."

"Haka ne."

"Ko madubin likita ba ya gani nai."

"Ko shi."

"Kuma kai ka ɗauko shi nan, ka kai ma wancan icce, shi yi ma maganin abin da ad damunai."

"Idan ya yarda. Wani lokaci ba ya yarda."

Ya dube ni, ya dubi jan ƙyallen da ke kaɗawa a kan reshe.

"Yaya, wallahi haka Inna ka cewa. Kalma bisa kalma."

Na fusata, kuma abin da ya ƙara fusata ni shi ne na rasa ta inda zan kama maganar. Na ce masa bambancin shi ne ni zan ƙirga, idan ƙirgar ta ƙaryata ni in yarda. Ya ce ai masu wucewa ta bakin garka ba ƙirga suke gani ba.

Masu wucewa kuwa sun gani. Kafin mako ya zagayo zance ya kai har garin Dumega. Abin da ya gama da ni ba maƙiyi ne ya yi shi ba, masoyiya ce. Gwaggo Hassi, tsohuwar ƙawar Inna, wadda ke tafiya da sanda biyu, ta sa aka kawo ta a amalanke. Na iso ranar Asabar na tarar da ita zaune a gindin iccen, ga jar kaza a ɗaure da ƙafa a jikin saiwa, ga mutane sun yi cirko-cirko a bayan darni. Da ta gan ni sai ta fashe da kuka.

"Ɗan nan, ashe ba ka yada mu ba! Na ce masu jini ba ya ɓata. Sun ce boko ya cinye ka."

"Gwaggo, aikin gwamnati ne nake yi."

"Ko gwamnati ta san da su, ɗana. Amshi kazar, ja Doguwa ka so."

Na kwance kazar na mayar mata, na roƙe ta ta koma gida. Ta tafi tana sa mini albarka da ƙarfi, yadda har na bakin hanya zai ji. Ku duba matsayin da na samu kaina. Ɓangare ɗaya na garin yana murna na dawo gida, ɗaya ɓangaren yana baƙin ciki na dawo gida, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya tsallako darni ya ce, Mushe, nuna mini ganyen. Da ya tsallako, da ya gani. A kan rassan jan ƙyalle, a mako na uku, tabon ya fara zama ƙanana. Ban ce ya tabbata ba. Na ce ya fara.

Da la'asar Sani ya kira ni zaure. Ya ba ni tabarma, ya zauna a ƙasa, bai ɗaga murya ba. Ya ce jiya an tsayar da shi a ƙofar masallaci an tambaye shi ko gaskiya ne an koma yanka a garkar gidansu. Ya ce abu biyu yake roƙo, in zaɓi ɗaya: ko in kwance tsummokaran yau, ko in zo ranar Juma'a bayan an sallame in tsaya in gaya wa jama'a abin da nake yi. Na ce na farko ba zai yiwu ba, saura mako uku, idan na kwance aikin ya mutu. Na biyun kuwa, a nan ne na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kamata ya yi in je. Minti goma ne, da kwano biyu a hannu. Amma raina ya riga ya ɓaci, ina ganin ni da na koya wa rabin masu tsayar da shi ɗin karatu, ni za a gurfanar kamar ɓarawon akuya.

"Ni ba na kare ilimi gaban masu auna gishiri," na ce.

Sani kuwa shi ma gishiri yake aunawa.

"To, Yaya," in ji shi. "Allah shi ba mu alheri."

Ranar Litinin aka tura ni Dosso taro na kwana huɗu, inda muka zauna a ɗaki mai sanyi muna sauraren yadda za a kusanci manoma. Ranar Juma'a da hantsi na sauka a Kore Mairuwa. Tun daga nesa na ga sararin sama a inda bai kamata a gan shi ba. An sare iccen bakin rijiya daidai gwiwa. An sassare rassan an tara an ƙone, domin matan gida sun ƙi a kai musu ko tsinke ɗaya murhu. An share busassun ganyen da ke ƙasa, har wanda ya faɗa bayan rijiya, an zuba a wutar. Sani mutum ne mai tsabtar aiki, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Sannan an bi sababbin itatuwan ɗaya bayan ɗaya an kwance kowane ƙyalle. Littafina yana aljihuna, cike da ja kaza, fari kaza, baƙi kaza, ga kuma itatuwa tsaye a gabana duka kore. Na yi wata guda ina bin rassan da nake zaton su ne, ina kankara ina shukawa. Kowane kwano na buɗe, fara sol, ta cika shi har baki.

Na kai kuka wurin shef ɗinmu. Ya saurare ni yana juya alƙalami, sannan ya miƙa hannu ya zaro wata takarda daga cikin waɗanda muke raba wa manoma. Icce mai cuta, in ji takardar, a sare shi, a tattara ganyensa, a ƙone. Ni na fassara ta da Hausa shekaru uku kafin nan.

"Ƙanenka manomi ne abin koyi," in ji shef. "Da duka haka suke da mun huta."

Ban taɓa sanin mutum na iya yin daidai da dokar ma'aikata da dokar masallaci a sara ɗaya ba, ya kuma kashe abin da ba a taɓa samun irinsa a ƙasar nan ba, ko kuma bai kashe komai ba. Wannan "ko kuma" ita ce ba ta barina barci. Ku fahimce ni da kyau, domin a nan ne masu ba da labarin ke karkata shi. Ban taɓa cewa na gano magani ba. Mai yiwuwa babu birus ko ɗaya a jikin iccen nan, tsufa ne kawai ko irinsa. Mai yiwuwa da mako shida ya cika da na ga babu bambanci, in kwance tsummokarana da hannuna in ba uwarku haƙuri. Matar can ta riga ta ce mini wani lokaci. Ban nemi a ce na yi daidai ba. Mako uku na nema in san ko na yi kuskure, aka hana ni, kuma aka hana ni domin a cece ni.

Wata biyu ba mu yi magana ba. Da kaka ta yi sai ga saƙonsa, wai in zo garka akwai abin da zai nuna mini. Uwarku ta ce sulhu ne, in je, in kuma bar bakina a gida. Na je. Ya tarye ni da fara'a, ya kama hannuna kamar muna yara, ya ja ni har bakin rijiya. Kututturen ya yi tofo. Rassa biyar ko shida, sun kai tsawon hannu, ganyen jajaye masu sheƙi kamar an shafa musu mai. Na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, ina ɗaga kowanne ga rana. Ko ɗigo babu.

"Ka gani, Yaya?" in ji shi, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa. "Ya warke. Ba ka da asara, ga iccen Baba ya dawo, ya hi da kyau."

"Ya warke," na ce.

"To a bar zancen."

Na tashi na kakkaɓe gwiwata. Na ce masa gobe ya kira dattawa su zo da igiya, a raba garkar.

Sun zo, sun yi roƙon da aka saba, na ƙi, suka auna. Da aka ja igiya, rabi ya faɗa da rijiya da kututturen, rabi ya faɗa tudu, inda ruwa sai an ɗauko. Babban dattijon ya ce ni ne babba, ni zan fara zaɓa, kuma kowa a wurin ya san abin da mai hankali zai zaɓa. Na dubi tofon nan yana ƙyalli a bakin rijiya, na tuna cewa duk safiyar da na zo ban-ruwa shi zan fara gani, lafiyayye, har in mutu.

Na ɗauki tudun.